Diffa: Su wane ne ke horar da 'yan kokowa, kuma daga ina suka fito?

Ranar 1 ga watan Janairun 2023, da yamma, Kadri Abdou wanda kowa ya fi sani da Issaka Issaka ya ɗaga takobi a filin kokowa na Diffa. Karo na biyar ke nan da ɗan jihar Dosso ya zama sarkin 'yan kokowar Nijar, kuma a ƙarshen wannan shekarar ya je Agadas ya ƙara na shida. Duk wanda ya kalli wasan, a filin ne ko a wayarsa daga Tripoli ko Legas, yana iya ba ka labarin kayen dalla-dalla.

Amma ka tambayi mutum goma a tashar Diffa wa ya shirya 'yan kokowa goma da suka wakilci jihar a wannan gasa, sai ka ga ana kallon juna. Za a faɗa maka sunan ɗan wasa da garinsu, a faɗa maka makaɗinsa, wani ma har malamin da ake raɗe-raɗin yana yi masa aiki zai ambata. Mai horarwa kuwa, in an tuna da shi, to ranar da aka sha kaye ce.

Wannan ne karo na biyu cikin shekara tara da Diffa ta karɓi baƙuncin gasar ta kuma raka takobin zuwa wata jiha. A 2014 Yacouba Adamou na Yamai ne ya tafi da shi. Bayan kowace gasa akan yi ta cacar baki a majalisun shayi kan alƙalan wasa da asiri da kuɗin abinci, ba kasafai ake zama a duba mutanen da ke koyar da yaran tun kafin a san sunansu ba. Su na bi sawu a cikin garin Diffa da wasu garuruwan bakin Komadugu.

Yadda gasar take

Tun 1975 aka fara gasar takobi, a Tawa, inda Yacouba Kantou na Maraɗi ya zama sarki na farko. A yau jihohi takwas ne ke zuwa, kowacce da mutum goma, 'yan kokowa 80 ke nan. Kowace jiha sai ta kara da sauran bakwai. Ba a raba su bisa nauyi, siriri na iya faɗawa hannun ƙato tun ranar farko, kuma wanda aka kayar sau ɗaya ya fita daga neman takobi, sai dai ya ci gaba da nema wa jiharsa maki. Wanda ya rage a tsaye shi ke tafiya da takobi da doki da riga da rawani da miliyoyin sefa.

Wannan tsari shi ya sa aikin mai horarwa ya fi yadda ake ɗaukarsa nauyi. Kwana bakwai a jere yaro yana shiga fili, kullum da sabon abokin karo. Dole wani ya san wane ne a Damagaram ke son kamun ƙafa, wane ne a Tawa ke jan lokaci har alƙali ya rubuta maka gargaɗi, wane yaro ne cikin nasa ke ɓoye ciwon kafaɗa don kada a ajiye shi. Kuskure ɗaya, shirin shekara guda ya tafi.

Tsohon ɗan wasa mai buhun tattasai

Akasarin masu horarwar da na tarar tsofaffin 'yan kokowa ne, kuma kusan babu wanda kokowar ke ciyar da shi a cikinsu.

Akwai wani dattijo da yara ke kira Baba, wanda na fara iske shi ba a fili ba, a kasuwa, yana zaune kan buhun busasshen tattasai yana ciniki da naira, kamar yadda aka saba a Diffa. Tarihinsa irin na tsararrakinsa ne. Ya fara kokowa a dandalin ƙauye bayan girbi, lokacin da samarin wannan gari ke tafiya wancan gari da ganga a kwana ana gwada ƙarfi. Daga nan aka ɗauke shi gasar gunduma, ya shiga tawagar jiha, ya yi 'yan shekaru yana zagaya Nijar. Gwiwa ce ta ajiye shi. Bai taɓa zama a aji an koya masa horarwa ba, abin da ya sani a jikinsa ya koye shi, kuma da jikinsa yake koyar da shi.

Bayan la'asar nakan bi shi wani fili mai rairayi a bayan gari. Ba ya yawan magana. Yaro ya yi kamu ba daidai ba, sai ya tashi ya naɗe riga ya ce yaron ya kama shi haka, kafin ka ƙifta ido yaron na ƙasa, sauran na dariya. Sai ya ɗaga shi ya nuna masa inda ya bar ƙafarsa. Na ga ya maimaita wa wani yaro abu ɗaya har sau shida bai ɗaga murya ba. A gaskiya ban ga malamin makaranta da yawa masu irin wannan haƙuri ba.

Sai dai irin su Baba suna da iyakarsu, kuma ba rashin kunya ba ne a faɗa. Yadda aka horar da su haka suke horarwa: gudu cikin rairayi har numfashi ya ɗauke, ɗaukar abokin wasa a kafaɗa, cin tuwo da nama gwargwadon abin da aljihu ya samu. Targaɗe kuwa na mai ɗori ne, a shafa magani a ɗaure, jibi a dawo fili. Yaran da suka bar kokowa suna da shekara ashirin da 'yan kai saboda ciwon da ba a bari ya warke ba, ba wanda ke ƙirga su. Baba da kansa yana ɗingishi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda tarihin waɗannan mutane ke ɗaure da tarihin tattasai da kifi. Kafin rikici, manomin da ya sayar da tattasansa da daraja ko dillalin banda da ke lodi zuwa Najeriya shi ne ke yanka wa 'yan kokowar garinsu akuya, ya biya motar zuwa gasa, ya ba mai horarwa na goro. Ba a rubuce yake ba, amma shi ne kasafin kuɗin wasan.

Abin da 2015 ta yi wa dandali

Ranar 6 ga Fabrairun 2015 mayaƙan Boko Haram suka kai hari Bosso da Diffa. Kwanaki kaɗan bayan haka aka kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawan babur, aka hana cinikin tattasai da kifi saboda zargin cewa mayaƙan na samun kuɗi ta nan, aka sa dokar hana fita da dare. A watan Mayu aka kwashe mutanen tsibiran tafkin Chadi. Bayan harin Bosso na watan Yunin 2016, dubban iyalai suka watse suka kafa bukkoki a gefen babbar hanya ta RN1. Daga baya an sassauta hanin tattasai da na kifi, amma kasuwar ba ta koma yadda take ba, ga kuma ambaliyar Komadugu da ta sha cinye gonaki, kamar a 2019 da 2022.

An yi rubutu da yawa kan abin da wannan ya yi wa noma da makarantu. Kokowa ma ta ji a jikinta. Wasan ƙauye na dare ne, da kiɗa da taro, kuma abubuwan nan uku su ne dokar ta-ɓaci ta fara rufewa. Mai babur ɗin da ke kai samari gari-gari ya rasa sana'a. Attajirin da ke yanka akuya ya koma neman ta cefane. Yaron da ya kai shekara goma a 2015 a ƙauyukan Geskeru ko Bosso ya girma bai san kokowar kaka irin wadda ubansa ya sani ba, alhali tsaransa na Dogon Dutsi ko Madawa yana yin ta duk shekara.

Daga cikin wannan hali ne wani nau'in mai horarwa ya ɓullo. A wani matsugunin 'yan gudun hijira da ke bakin hanya na haɗu da wani mutum, masunci ne a da, wanda ya taɓa yin suna a kokowar ƙauyukan bakin ruwa amma bai taɓa kaiwa gasar ƙasa ba. Ba wanda ya naɗa shi. Ya ga yara na yini ba lakwal ba gona, ya share wani wuri ya fara haɗa su biyu-biyu. A filinsa akwai Barebari da Fulani da Hausawa, da yaran da iyayensu suka tsallako daga Damasak da Malam Fatori. Wani lokaci wata ƙungiyar agaji kan zo da riguna da ƙwallaye ta ɗauki hoto ta tafi, shi kuwa yana nan washegari. Babu sunansa a wata takarda ta hukumar wasanni, kuma in ɗaya daga yaransa ya yi fice gobe, wani ne za a ce ya horar da shi.

Mushe mai agogo da usur

Akwai kuma waɗanda suka shigo ta ƙofar makaranta. Su ne malaman motsa jiki na sakandare, waɗanda da yawansu suka yi karatu a cibiyar INJS da ke Yamai, inda Nijar ke horar da malaman wasanni da jami'an matasa. Yara na kiran su Mushe. Sun san sunayen tsoka, sun san ɗumama jiki kafin wasa da hutun da jiki ke buƙata bayansa, sun iya karanta dokokin hukumar kokowa ta ƙasa, FENILUTTES, su kuma cika takardun da ake nema.

Wanda na fi zama da shi a cikinsu ba ɗan Diffa ba ne, aiki ne ya kawo shi daga yamma, tafiyar sama da kilomita 1,300. Da safe yana koyar da tsere da tsalle, da yamma yana horar da ƙwallon ƙafa, in lokacin zaɓen 'yan kokowa ya zo a kira shi ya taimaka. Bai taɓa ɗaura walki ba, kuma tsofaffin 'yan wasa ba sa bari ya manta da hakan. In ya ce a rage gudu a ƙara hutu, sai a yi murmushi a ce boko ne. Shi ma a ransa yana ganin rabin abin da suke yi ganganci ne da lafiyar yara.

A ganina kowannensu na riƙe da rabin gaskiya. Mushe ba zai iya koya wa yaro yadda ake jin nauyin abokin karo ya koma ƙafar hagu ba. Baba kuma ba zai iya gaya maka dalilin da ya sa yaransa ke gajiya a rana ta biyar ba. Inda aka dace suka zauna tare, bambancin na fitowa cikin 'yan makonni. Matsalar ita ce zaman nasu bai cika wuce kwanakin da ake killace tawaga gab da gasa ba. Ana gamawa, Mushe ya koma aji yana jiran takardar sauyin wurin aiki, Baba ya koma kasuwa.

Sannan ga mutum na uku da ba a rubuta shi a jerin jami'ai amma kowa ya san da shi: mai layu da guraye da ruwan da ake kwarara a ka kafin a shiga fili. Ban zo yi wa kowa wa'azi ba. Abin da na lura kawai shi ne ɗan kokowa zai iya musu da kocinsa a gaban jama'a, amma ba ya musu da malaminsa, kuma in kyauta ta samu, rabon malam da na makaɗi kan fita kafin a tuna da wanda ya yi wata uku yana shan ƙura da shi. Sunan marigayi ko mai rai, in makaɗi irin Sagalo ya sa shi a waƙa, ya zauna. Mai horarwa ba a yi masa kiɗa.

A wasu wuraren takarda ce ke bin mutum

Wani abokina da ke karatu a Amurka ne ya sa na fara tunanin wannan rahoto. Ya turo mini bayanin masu horar da ƙungiyar besbol ta jami'arsu, wasan nan da ake jefa ƙwallo a doke ta da kulki. Ba wasan ne ya dame ni ba, ban ma gane shi sosai ba. Abin da ya tsaya mini shi ne kowane koci, har mataimaki na uku, an rubuta inda ya yi wasa, digirin da ya yi, makarantun da ya koyar, da 'yan wasan da suka bi ta hannunsa suka zama ƙwararru. Da wannan tarihin yake neman aiki na gaba.

Can ɗin ma ba haka aka fara ba. Rod Dedeaux, wanda ya horar da jami'ar Kudancin California daga 1942 zuwa 1986 ya ci kofin ƙasa sau 11, wasa biyu kacal ya buga a babbar gasar ƙwararru, a 1935, kafin ciwon baya ya tsayar da shi. Da kamfaninsa na motocin dakon kaya yake ci, albashin da yake karɓa a jami'ar kuwa dalar Amurka ɗaya ce a shekara. Da na karanta wannan sai na tuna Baba da buhunansa, illa dai shi Baba ba shi da motoci. Kuma sai a watan Yulin 2023 ne hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta soke matsayin kocin sa-kai a babban rukuninta, aka ba jami'o'i damar biyan mutanen da suka daɗe suna aiki ba albashi.

Bambancin shi ne a can makaranta ce gidan wasan. Ita ke da fili, ita ke ɗaukar koci, ita ke ajiye tarihinsa. Diffa na da jami'a tun 2014, wadda ta fi karkata ga aikin gona da muhalli, tana da makarantun sakandare a Maine-Soroa da Gudumariya da Ngigmi. Amma kokowa, wasan da ya fi kowane tara jama'a a ƙasar, a wajen katangar makaranta take rayuwa. Ɗalibin da ke da ƙarfi da basira sai ya zaɓa: aji ko fili.

Ba kokowa kaɗai ba

Raina mai horarwa na gida tsohon ciwo ne a wasannin Nijar. Harouna Doula ne ya kai Mena gasar cin kofin Afirka karo na farko a tarihi, ta 2012, bayan fitowa daga rukunin da ke da Masar da Afirka ta Kudu, hukumar CAF ta kuma zaɓe shi gwarzon koci na 2011. Ana shan kashi a wasan farko a hannun Gabon, sai ragamar ta koma hannun Bafaranshe Rolland Courbis, wanda aka kawo a matsayin mai ba da shawara. Abdoul Razak Issoufou Alfaga kuwa, da ya ciyo azurfa a taekwondo a Rio a 2016 ya kuma zama zakaran duniya a 2017, a Jamus ya samu horon da ya kai shi can. Lambar da Nijar ta samu kafin tasa a gasar Olamfik ita ce tagullar ɗan dambe Issaka Daboré a Munich, tun 1972.

In haka ta faru da mai riƙe da kambun Afirka a Yamai, ana iya hasashen matsayin wanda ke share fili a bayan garin Diffa.

Akwai kuma wata hanyar gajeren zango da jihohi ke bi, wadda ke ƙara dusashe masu horarwa na ƙasa-ƙasa. Ba asiri ba ne cewa ɗan kokowa na iya ɗaura wa jihar da ba a can aka haife shi ba, in an yi masa tayin da ya fi. Ga shugabannin wasa wannan ya fi sauƙi: a nemo wanda ya riga ya nuna, maimakon a jira shekara bakwai ana renon yaro. Ga mai renon kuwa, ma'anarsa ita ce ko dai a ajiye yaronsa a ɗauko baƙo, ko kuma yaron ya yi ƙarfi wata jiha ta ɗauke shi ba ko sannu.

Abin da suke nema

Da na tambaye su abin da suka fi buƙata, na zaci kuɗi za su fara ambata. Sun ambace shi, amma ba shi ne farko ba. Tsofaffin 'yan wasan na son a riƙa kiran su kwas, ko na mako biyu ne, a koya musu taimakon farko da sabbin dokoki, a ba su takardar da za su nuna. Suna lura da cewa a gasannin ƙasa da ƙasa, irin TOLAC da aka saba karawa da 'yan Senegal da Najeriya, ana raba 'yan wasa bisa nauyi, daga kilo 66 zuwa 120, kuma shirya yaro don irin wannan wani ilimi ne dabam. Malaman makaranta na son a mayar da gasa tsakanin makarantu abin da ake yi duk shekara, da kokowa a ciki. Mutumin bakin hanya kuwa cewa ya yi a rubuta sunan wanda ya fara koya wa yaro a katinsa na wasa, ko ba a ba shi komai ba.

Wannan na ƙarshen ba ya cin ko dala. 'Yan Diffa da ke Libiya da Aljeriya da Turai, waɗanda ke turo kyautar jika hamsin ko ɗari ga ɗan wasan da ya burge su ana tsakiyar gasa, su ma suna iya tambayar wa ya koya masa.

Gasar takobi zagaye take yi jiha-jiha: daga Diffa ta tafi Agadas, ta je Dosso, sai Tawa, Damagaram, Tilaberi, Maraɗi, Yamai. In jerin bai canza ba, za ta dawo Diffa wajajen ƙarshen 2030. Waɗanda za su tsaya wa jihar a wannan shekarar yanzu ba su wuce shekara sha biyar zuwa ashirin ba. Ranar da na yi sallama da Baba, goma sha ɗaya ne irinsu a filinsa. Biyu sun ce masa bayan sallah za su tafi haƙar zinariya a Djado.